Tsohuwar motar Baba ta shiga fim

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san shiruna ya yi yawa, amma yau na zo da labarin da zai wanke ni. Peugeot 504 ɗin Baba, wadda muka koyi tuƙi da ita kana kashe ta a kowace mararraba, ta shiga fim.

Wani mutum ne ya gan ta a gareji, ya karɓi lambata wurin bakanike. Sana'arsa ke nan, samo wa masu fim motoci. Tun kafin a kafa kyamara yake karanta labarin, ya lissafa duk motar da za ta bayyana, daga ta jarumi har wadda za a ajiye a bakin titi, sannan ya shiga farauta wurin masu tara tsofaffin motoci da kamfanonin haya da wuraren gwanjo. Labarinsu na shekarun 1970 ne, 504 kuwa a 1968 ta fara fitowa, sai ta dace. Ya ce mota ɗaya ta bayan zamanin ta gitta can nesa, masu kallo sai sun zaƙulo ta sun yi ta yamaɗiɗi.

Ran da na kai ta, sai na iske 'yan'uwanta biyu suna jira. Tamu ce ta gaban kyamara, wadda jarumi zai shiga ya fita, a haska cikinta. Ta biyun ta masu wasa da rai ce, wato direbobin da ke yin tuƙin ganganci a madadin jarumi: an ɗaure cikinta da kejin bututun ƙarfe, an sa mata ƙaramin tanki na musamman don kada wuta ta tashi, da wani dogon birkin hannu na juya gindin mota. Ta ukun gangar jiki ce kawai, ba inji ba mai, ita za a ƙona. Duk an fesa musu fenti irin namu. Kai, har lotsawar nan ta ƙofar hagu, wadda ka yi da turken gate kuma ka rantse wa Baba ba kai ba ne, sai da suka kwaikwaye ta a sauran biyun. Na ga babban mutum da guduma yana auna laifinka da tef. Dariya har da hawaye.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kwana huɗu muna aiki, motar nan ba ta yi tafiyar kirki da ƙafafunta ba. Ɗora ta suke a kan wata tirela mai ƙasa-ƙasa, kamar za ta goge kwalta, a kewaye ta da fitilu da kyamarori, babbar mota ta ja. Jarumi na zaune yana murza sitiyari yana zuba kalamai, inji a kashe don mai ɗaukar sauti ya ji numfashinsa. Ƙarar injin da za ka ji daga baya ake ɗora ta. Sun cire madubin tsakiya wai yana tare fuska, sun canja lamba, sun fesa wa bodin wani abu mai kashe ƙyalli don kada a hango ma'aikata a jikin ƙofa. Ni da na kwana ina goge ta! Wani sin na dare ma a cikin ɗaki aka yi shi: mutum biyu na girgiza motar daga baya, wani na wulga fitila kamar ana wuce fitilun titi. A allo na rantse gudu take.

Ranar tsere ce kaɗai aka yi gudu na gaske, shi ma da ta biyun. Wata baƙar mota mara ƙyalli na biye da ita, da dogon hannu a rufinta yana lilo da kyamara. Kamfanin Filmotechnic na Yukiren ne ya ƙera hannun. Shekaru ana ce masa Russian Arm, sai a 2022 suka mai da sunan U-Crane.

Da muke hira da mutumin nan na gane namu wasan yara ne. A fim ɗin Casino Royale na 2006, motar Aston Martin ta ƙi kifewa yadda ake so, sai aka dasa mata wata bindigar iska a ƙasa ta cilla ta, ta wuntsila sau bakwai har ta shiga kundin Guinness. A The Matrix Reloaded kuwa General Motors ne ya ba da motoci wajen 300, aka gina musu titi na kansu. Kamfanoni ba don Allah suke bayarwa ba, talla ce, shi ya sa suke son a ga tambarinsu a hannun jarumi, na mugu kuwa sau da yawa rufe tambarin ake yi. Idan ka samu Bullitt na 1968, duba tseren nan da kyau: wata koriyar Volkswagen ana ta wuce ta, ita ɗin dai, saboda gudu guda aka ɗauka ta kusurwoyi da yawa.

Ba a rabu lafiya ƙalau ba dai. An dawo mini da ita da ƙananan huji biyu a dashbod inda suka ɗaure kyamara, tef kuma ya ɗaye fentin but. Yarjejeniya ta ce za su gyara, inshora ta ce a kawo hotunan kafin da bayan. Allah ya so ni na ɗauka. Wata biyu ina sintiri kafin a biya, madubin kuwa a aljihun ƙofa na tsince shi.

An ce fim ɗin sai baɗi. Idan ya fito ka buɗe ido a ƙofar hagu, ka gaya mini ko za ka iya bambance lotsawarka da ta mai guduma. Ni dai na kasa.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.