Mu Maimaita Musu Aji Ko Mu Bar Su Su Wuce?

Assalamu alaikum Malam. Muna gaishe ku da aiki, Allah Ya ƙara basira.

Mu wasu malamai ne da iyayen yara na wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙauyukan yankin Argungu, jihar Kebbi. Akwai maganar da ta raba kanmu a zaman ƙungiyar iyaye da malamai, shi ya sa muka kawo ta gare ku.

Maganar ita ce yaran da ke shigo mana SS1 ba su iya karatu ba. Ba wai fahimtar darasi ke gagarar su ba, haɗa baƙi ne bai zauna ba. Za ku ga yaro ya cika littafinsa da rubutu mai kyau, amma idan kuka tsaya a kansa lokacin da yake kwafa daga allo, harafi ɗaya-ɗaya yake ɗauka: ya ɗaga kai, ya rubuta, ya sake ɗagawa. A ce ya karanta abin da hannunsa ya rubuta, sai ya sunkuyar da kai. Haka aka turo shi daga firamare, haka ya ƙetare JSS3, don ba a saba tsayar da kowa ba.

Wannan yaron ne bayan shekara 3 zai zauna WAEC. Takardar Turanci kaɗai tana da tambayoyin zaɓi 80, da insha'i mai kalma 450, da karanta labari a amsa tambayoyi, da taƙaitawa, sannan tambayoyi 60 kan lafazi. Lissafi ma da Turanci ake tambayarsa, sau da yawa yaro ya iya aikin amma bai gane abin da aka ce ya nemo ba. Kuma ba mai shiga jami'a sai da kiredit 5, wato daga A1 zuwa C6, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni. D7 da E8 ba sa kai yaro ko'ina, ko da kuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha ta Aliero ce da ke kusa da mu. Ga JAMB a kwamfuta, tambaya 180 cikin awa 2, ga yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Sai kuma lokaci. Darasi minti 40 ne, zango kuma mako 12 zuwa 13, amma a aikace ba ya cika. Masu zuwa daga ƙauyukan nesa a ƙafa ba sa samun darasin farko, kuma a nan jadawali ya fi sa Lissafi da Turanci. Ranar kasuwa aji yakan rage. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne shinkafar rani. Ana dashe wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da ya kamata 'yan SS3 su kammala manhaja. Idan ta fitar da kai sai korar tsuntsu, safe da yamma, kuma yara ake turawa. Yanka da bugu su zo a Afrilu da Mayu, daidai da fara WAEC. Ba ma ganin laifin uban da ya kai ɗansa fadama, da kuɗin shinkafar ake sayen yunifom da littafin.

Kimiyya kuwa a allo ake yin ta. Malami ya zana kwalaben gwaji da alli, ya faɗi launin da ruwa zai koma, yara su haddace. Ranar faratikal ce ranar farko da da yawansu ke taɓa kayan, hannu na rawa.

To ga inda muka rabu. Wani ɓangare na cewa a yi gwajin karatu a makon farko na SS1: sakin layi ɗaya na Turanci, ɗaya na Hausa, da lissafin tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Wanda ya kasa a ware shi, a ba shi awa ɗaya kullum bayan tashi, a fara da Hausa tunda da ita yake tunani, sannan a haye Turanci. Wanda bai motsa ba zuwa ƙarshen shekara ya maimaita aji. Suna kuma so a daina cika wa yara makin gwajin aji don tausayi, domin shi ke ɓoye ciwon har sai ya yi tsanani.

Ɗaya ɓangaren bai ƙi gwajin ba, maimaita ajin ne ba su yarda da shi ba, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Saurayi mai shekara 17 ba zai zauna da ƙannensa ba, kabu-kabu zai kama ko ya tafi ci-rani. Yarinya kuwa, da kyar aka shawo kan iyayenta suka ba ta shekara 3. A ce musu ta zama 4, sai maganar aure ta taso. Masu ɗan hali kuma su ɗauke yaransu zuwa wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, su dawo da takarda mai kyau da ba za su iya karewa ba.

Lesin bayan tashi ma da nasa cikas. Yara na fitowa gida da koko kaɗai, ƙarfe 2 yunwa ta gama da su, kuma ƙarfe 4 akwai Islamiyya, wadda ba ma so mu taɓa. Malaman Turanci da Lissafi ba su wadace mu ba, masu bautar ƙasa kuma da sun saba da yara sai shekararsu ta ƙare.

Malam, a ganinku, yaron da ya kai SS1 bai iya karatu ba, wanne ya fi masa: a tsayar da shi ko a bar shi ya wuce ana tallafa masa? Idan tsayarwar ce, da wane lafazi za mu tunkari uba, musamman uban yarinya, ba tare da ya ji an kunyata shi ba? Kuma ya dace mu sa hakimi da limamai cikin maganar korar tsuntsu, ko hakan zai zama kamar mun kai ƙarar iyaye? Muna so mu tsai da magana kafin a koma sabon zango.

Wassalam.

Daga wasu malamai da iyayen yara,
yankin Argungu, jihar Kebbi.