Wasiƙa daga Garwa: Zaki da wutsiyarsa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya Injamena? Tun da ka ƙetare gadar Kusiri ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko kuɗi sun fara zama ne, ka manta da 'yan shayin Rumde Ajiya? Bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Ka tuna kwikwiyon da ƙanena ya kawo mini daga Marwa, wanda ka ce kunnuwansa sun fi shi girma? Zaki. Yanzu watansa 7, yana gadin raguna a garka. Wata biyu ke nan ya ɗauko wata ɗabi'a: sai ya kama bin wutsiyarsa yana juyawa wuri ɗaya, yana gurnani, har jiri ya kayar da shi, ya tashi ya ci gaba. Da fari yara taruwa suke yi suna tafi, ni ma wasa na ɗauka. Ranar da na kai masa abinci bai ko dube ni ba, na ga bakin wutsiyar duk jini, ranar gabana ya faɗi.

Maƙwabta suka ce haukan kare ne, a kashe shi. Uwargida ta hana yara zuwa garka, kuma ban ga laifinta ba. Na ɗora shi a amalanke sai wurin likitan dabbobi. Ya duba katin rigakafinsa, ya ce in kwantar da hankali, karen da hauka ya bayyana a jikinsa da wuya ya wuce kwana 10 a raye. Ya bincika ƙuma da kaska, ya duba gindin wutsiyar ko akwai ciwo, ya ba da maganin tsutsar ciki, don ƙaiƙayi kaɗai kan sa kare ya yi haka. Sannan ya tambaye ni yana da sati nawa aka raba shi da uwarsa, kuma awa nawa yake yi a ɗaure. Na ce sati 5, sarƙa kuwa daga asuba har isha'i. Ya ce kwikwiyo sati 8 ya kamata ya yi da uwarsa, ga shi uban Zaki berje ne, karen Jamus, irinsu kuma an san su da wannan lalura. Wallahi na ji nauyi. Dabba ce da Allah ya ba ni amana, na bar ta a ɗaure cikin zafin Garwa ba abin yi sai wutsiyarta.

Af, kafin in manta, mai shayinmu ya ƙara aure, kuma amaryar 'yar unguwarku ce. Ya ce in gaya maka bashin madararka na nan a rubuce. Ƙungiyar ƙwallonmu ta Coton Sport kuwa kada ka tambaye ni, ka san in na fara sai takarda ta ƙare.

Yanzu dai na cire sarƙar, na kewaye masa fili da waya ƙarƙashin darbejiya. Bayan sallar asuba muna gangarawa bakin Binuwai, ya yi gudu har ya gaji, da la'asar yaro ya sake fita da shi. An sa masa wani abin roba mai kama da mazurari a wuya har ciwon ya warke. Duka babu, tsawa babu, don likita ya ce tsoro ƙara abin yake yi, tafin yaran ma zuga shi yake yi. Da na ga ya fara waiwayen wutsiya sai in kira shi, in ya zo ya zauna in ba shi ɗan busasshen kifi. In kuma bai ragu ba, akwai magani, fluoxetine, irin wanda ake ba mutane masu ciwon damuwa, amma sai da izinin likita, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa.

Da, ba na iya ƙirga sau nawa yake yi a wuni. Jiya sau uku na gani, kuma duk ukun da na kira shi ya bari. Sai dai shekaranjiya da babur ya tsaya a ƙofar garka ya koma kamar farko, har yanzu abin na raina.

Ka gaida madam da yara. In za ka zo Babbar Sallah ka sanar da ni da wuri, in ware maka rago.

Naka,
abokinka na Garwa