Wasiƙa kan motocin duniyar wata da hanyar da suke magana da mu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya kuma zaman nesa? Allah ya sa a dace.

Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka liƙa a ƙarshensa, cewa me ya sa nake bin labarin kamfanonin da ke harba kumbo zuwa wata alhali yawancinsu faɗuwa suke yi. Batun faɗuwa kam gaskiyarka ne. Sai dai abin da ya riƙe ni shi ne yadda 'yar motar da aka ajiye a can za ta iya turo mana abin da ta gani.

A 2007 aka buɗe gasar Google Lunar X Prize, aka ce dala miliyan 20 ga ƙungiyar farko mai zaman kanta da ta sauka a wata, ta yi tafiyar mita 500, sannan ta aiko da hotuna da bidiyo masu kyau. Ka lura da sharaɗi na uku, domin tafiyar da ba a ga hotonta ba tamkar ba a yi ta ba ce. An rufe gasar a 2018 ba wanda ya ci, amma wasu daga cikin 'yan takarar ba su haƙura ba. Kumbon Beresheet na Isra'ila ya tarwatse wajen sauka a 2019. Na kamfanin ispace na Japan ya faɗi a 2023 ɗauke da motar Rashid ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na biyunsa ma haka a 2025.

Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne. Saƙon rediyo yana ɗaukar kusan daƙiƙa 1.3 kafin ya isa, zuwa da dawowa sama da daƙiƙa biyu da rabi. Wannan jinkirin ana iya jure shi, don tun 1970 Tarayyar Soviet ta tuƙa motar Lunokhod 1 daga nan ƙasa. Amma ita nauyinta ya haura kilo 700, tana da eriyarta mai magana da duniya kai tsaye, ga gwamnati a bayanta. Motocin da kumbunan kamfanoni ke ɗauka kuwa 'yan mitsi-mitsi ne. Rashid kilo 10 ce, Tenacious da ta tafi a kumbon ispace na biyu kuma wajen kilo 5. Dalili shi ne kuɗin dako, domin kai kilo ɗaya tal doron wata yakan kai dala miliyan ɗaya ko fiye. Mota irin wannan ba ta da batirin da zai tura bidiyo wannan nisan, ba ta kuma da wurin ɗora babbar eriya da sai an saita ta daidai kan duniya.

Dabarar da aka fito da ita ita ce a mai da kumbon da ya sauka tamkar ƙarfen sabis na wayar salula. Motar ta yi magana da kumbo a kusa da wuta kaɗan, shi kuma kumbo mai manyan farantan sola ya miƙa saƙon zuwa duniya. Wata ƙungiya a Berlin ta Jamus, PTScientists, ta sanar a 2018 cewa tare da Vodafone da Nokia za ta kafa sabis na 4G a wata, motoci biyu da Audi ya taimaka wajen ƙerawa su ziyarci inda Apollo 17 ya sauka a 1972. Kuɗi ya yanke musu a 2019, tafiyar ba ta yiwu ba. Na ji zafin wannan, don tunanin nasu mai kyau ne. Ba a binne shi ba dai, domin a 2020 hukumar NASA ta ba Nokia dala miliyan 14.1 ya ci gaba da aikin.

A watan Maris na 2025 akwatin sabis na 4G da Nokia ya ƙera ya isa wata a cikin kumbon Athena na kamfanin Intuitive Machines. Kumbon ya sauka a cikin wani rami kusa da ƙuryar kudu, ya kwanta a gefensa, farantansa suka kasa samun rana yadda ya kamata. Akwatin ya samu wuta na kusan minti 25, ya tashi, ya yi aiki, amma motar MAPP da aka shirya zai yi magana da ita ba ta samu fitowa ba. Shekarun aiki suka tsaya a nan. Kumbon farko na wannan kamfani, Odysseus, shi ma kwantawa ya yi a 2024, wasu eriyoyinsa suka fuskanci ƙasa, bayanai suka riƙa zuwa a hankali. Blue Ghost na kamfanin Firefly ne ya sauka tsaye a 2 ga Maris 2025, ya yi aiki kusan mako biyu, har wata na'urar Italiya da NASA da ke jikinsa ta kama siginar GPS da takwaransa na Turai, Galileo, daga doron wata.

Ko an sauka tsaye ma da sauran aiki. Wata ƙarami ne, mutum a tsaye ba ya hango fiye da kilomita biyu da rabi kafin ƙasa ta lanƙwasa, kuma babu sararin iska da zai dawo da igiyar rediyo ƙasa kamar yadda gajeren zango ke yi a nan. Mota ta shiga bayan tudu ko cikin rami, magana ta yanke. A ƙuryar kudu, inda kowa ke rububin zuwa saboda ƙanƙarar da ke cikin ramuka masu duhu, duniya tana can ƙasa-ƙasa daf da bakin tsaunuka, wani lokaci ta ɓuya. Ɓangaren bayan wata kuwa ba ya ganin duniya sam. Shi ya sa China ta fara harba tauraron Queqiao mai miƙa saƙo a 2018, sannan Chang'e 4 ya sauka a can a Janairun 2019.

Yanzu hankali ya koma kan taurarin da za su riƙa kewaya wata suna miƙa saƙo. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana da shirin Moonlight, NASA kuma ta ba Intuitive Machines kwangilar irin wannan aiki a 2024. A nan ne nake da damuwa, aminina. Wanda ya mallaki waɗannan taurari shi ke da ikon sa farashi, da zaɓar wanda za a ji muryarsa. Idan aka tsaya kan ƙa'ida ɗaya da kowa zai iya shiga, kamar yadda ake ƙoƙarin yi da tsarin LunaNet, to jami'a ko ƙaramar ƙasa za ta iya tura 'yar motarta ba sai ta gina komai daga tushe ba. Idan kuma kowane kamfani ya kulle nasa, masu kuɗi kaɗai za su ci gaba da zuwa.

Ina son jin ra'ayinka, musamman kan ko ya dace a bar irin wannan hanyar sadarwa a hannun 'yan kasuwa. Ka gaida mini iyali da yara, ka kuma rubuto da wuri.

Naka,
amininka