Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano kan maganar Dorugu

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Takawa lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa irin ta talakawa ga ubansu, mu ne wasu malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa mazauna Nassarawa da kewaye, mun haɗu mun kawo kuka kan wani bawan Allah da ya rasu a nan Kano a 1912, wanda in ka tare mutum goma a titi ka ce waye Dorugu to wallahi da wuya ka samu ɗaya da zai amsa maka.

Ranka ya daɗe, Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, yana yaro aka kama shi bawa aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa ta Barno, can ne wani Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 sai suka koma hannun abokin tafiyarsa, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, kuma da su akai tafiyar nan ta Timbuktu a 1853, da su aka keta Sahara, a 1855 sai ga yaron nan a birnin Landan. To yau Barth kowa ya san shi, littafinsa juzu'i biyar ne, gidan da ya sauka a Agadas da na Timbuktu har yanzu ana nuna wa baƙi, amma wanda ya sha ƙishirwa ɗaya da rana ɗaya da shi an bar shi a matsayin "yaron Bature" kawai shi ke nan.

Abin da ya fi ci mana rai ma ba wannan ba ne. A Ingila Dorugu ya zauna wajen wani ɗan mishan J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa tsantsa shi kuma yana rubutawa, daga bakin yaron nan aka kwashi kaso mai yawa na abin da ya shiga nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan wa ke bango? Schön. Alhali mai maganar daban, mai alƙalamin daban. Kuma fa a ciki har da yadda ya ga Turawa a ƙasarsu, zamansu da cin abincinsu, wato tun kafin su zo su mulke mu shi ya riga ya je ya ƙare musu kallo ya faɗi abin da ya gani da harshenmu. Wannan kaɗai ai ya isa a ce yaran firamare sun san sunansa.

Ƙarshen rayuwarsa a nan ya yi ta, yana koyarwa a makarantar da Hanns Vischer ya buɗe a Nassarawa a 1909. Vischer shi ne Ɗan Hausa, gidansa yana nan ana kai ɗalibai ziyara, mu ba mu da ja da hakan, ya yi aikinsa. Sai dai abin da ɗaure kai a ce Bature ya gaji sunan Ɗan Hausa shi kuma Bahaushen da ya taya shi aiki ya ɓace ɓat. Abbega ma ya fi shi sa'a don shi ya yi sarautar Lokoja, ana tunawa da shi.

Mun san wasu za su ce ai Turawa ya yi wa aiki. To yaron da aka raba da iyayensa da ƙarfin tsiya wane zaɓi gare shi? Kuma ba waliyyi muka ce a mai da shi ba, a dai faɗi abin da ya yi.

Jaridunmu da gidajen rediyo kam sai a hankali, kullum sunaye biyar ko shida ake juyawa kamar waina. Ko New York Times ta Amurka a 2018 ta fito ta amsa cewa tun 1851 tana tsallake mutane wajen rubuta ta'aziyya, musamman mata, ta koma tana rubuta musu ɗaya bayan ɗaya, irin su 'yar jarida baƙar fata Ida B. Wells da ta rasu tun 1931. Mu ma muna da irinsu jibge, ga Alhaji Umaru Salaga haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi ta Gana a 1934, malami kuma mawaƙi, a can ma an fi saninsa da nan.

Roƙonmu, Allah ya taimaki Sarki, shi ne fada ta sa baki wajen hukumar da ke kula da Gidan Ɗan Hausa a kafa allo mai sunan Dorugu da taƙaitaccen tarihinsa da boko da ajami, a kuma nemar masa titi ko da ƙarami ne a Nassarawa. Sannan in Sarki ya umarci masu unguwanni da dattawa su bincika ko akwai zuriyarsa ko wanda ya ji inda aka binne shi, maganar fada ta fi tamu shiga gidaje. Kuɗin allon mu za mu haɗa, izini kawai muke jira.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka, mazauna Nassarawa da kewaye.