Wasiƙa zuwa ga Umma daga Ohayo

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da Baba da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi da ya fara kankama.

Ranar nan da kika ji ni a waya ina faɗa da takwararki kan alawa, kika ce in ƙyale yarinya ta sha abinta, ai mu ma mun sha alawar madara ba mu mutu ba. Ban ba ki amsa ba saboda tana kusa tana kasa kunne. Umma, alawar madara kin san abin da ke cikinta, madara ce da sukari, a gabanki ake tuƙa ta. Wannan kuwa da na juya bayan ledar, layi shida ne na ƙananan rubutu, sai da na sa tabarau. Ta sha ta da la'asar, har gari ya waye harshenta jawur kamar an yi masa lalle.

Launukan nan lamba ake ba su maimakon suna. Akwai wani ja mai lamba 3 da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 1990, don ya jawo wa ɓeraye ciwon daji a gwaji, amma ba ta hana shi a abinci ba sai a watan Janairun 2025, kuma ta ba kamfanoni har 2027 su daina. Shekara 35 ke nan an hana mace ta shafa shi a leɓe, an bar yaro yana haɗiye shi. Wanda ke cikin alawar jikarki mai lamba 40 ne. A Turai dole a rubuta gargaɗi a jikin leda cewa zai iya shafar natsuwar yara, a nan ko oho. Ga kuma jelatin, abin da ke sa alawa danƙo, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi, shi kam ko tsayawa muhawara ba na yi, mayarwa nake kan kanta.

Abin dariya, kin tuna buromet, sinadarin kumbura burodi, da NAFDAC ta haramta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili? To a nan gwamnatin tarayya ba ta hana shi ba. Jihar Kalifoniya ce ta yi dokarta a 2023. Mu da muke ganin komai na Bature tsaf yake.

Sai batun irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake ce wa GMO. Da ka fita daga garin Kolumbus, masara ce da waken suya iya ganinka, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ake nomawa na waɗannan biyun a ƙasar nan irin wannan iri ne. Daga su ake tatso man girki da ruwan zaƙin da ke cikin lemo, biskit, har da burodi. Tun 2022 doka ta ce a riƙa bayyanawa, wasu na sa ɗan tambari kore mai hoton gona, amma idan an tace mai ko sukari sosai ba dole ba ne, wasu kuma wata alama suke bugawa sai ka haska da waya. Ina tura keken sayayya, auta na kuka a baya, wa ke da wannan lokacin?

Baban yara yana cewa na cika tsoro, masana sun yi ta bincike ba su ga cutarwa a cin irin wannan amfanin gona ba. Ban musa masa ba, ya fi ni karatu a fannin. Ni dai abin da ke ci min rai shi ne in zuba wa ɗana abinci ban san mene ne ba. Ya kuma tuna min cewa a Samaru nan bayan gidanmu aka fitar da irin GMO ɗin, wato waken da tsutsa ba ta cin sa a 2019, da masarar da ake ce wa TELA a 2024, kuma gara wannan da waken da ake yi wa wanka da fiya-fiya a buhu, har Turai ta daina karɓar wakenmu a 2015. Nan kam na yi shiru. Don Allah ki tambayar min Baba wane iri ya shuka bana, kuma ko da gaske feshi ya ragu.

Yanzu dai na koma girki sosai. Ranar Lahadi nakan yi cincin da dubulan in cika roba, su tafi da shi makaranta. Takwararki ta ce ƙawayenta suna tambaya a wane kanti ake sayarwa. Mai sunan Baba kuwa har yau in ya ga miyar kuka sai ya toshe hanci, amma jiya ya ci loma huɗu.

Idan Yaya zai taso wata mai zuwa, a haɗo min kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin nan naki, a rubuta sunan kowanne a jikin leda, kuma ya nuna wa 'yan kwastan da kansa. Kada a sa kilishi, ba sa barin nama ya shigo, asara kawai za a yi.

A gaida Baba da Gwaggo da su Inna. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Taki,
'Yarki ta Ohayo