Zuwa ga aminina a Birmingham, kan batun koyon babur

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin ƙasar? Mu ma nan Kano hunturu ya kama, ƙura ta rufe Dala tun da safe. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran hoton takwararta.

Saƙonka ya iso, kuma na sha dariya. Wai kai da ka shekara da shekaru kana ratsa cunkoson Kantin Kwari a kan Jincheng, an ce sai ka biya kuɗi ka wuni a hannun malami kafin a bar ka ka hau ɗan ƙaramin babur. Ka kira abin raini. To, wannan karon ban goyi bayanka ba, kuma bari ka ji dalilina.

Tuna yadda sa'o'inmu suka koya. Babur na yaya ne ko na kawu, kuɗin makarantar kuwa wanki ne. Ka wanke, ka goge, ka turo shi daga zaure da safe, in an ga hankalinka a bar ka ka buga kik ka ɗumama inji. Sai ran da mai shi ya tashi da farin ciki, bayan la'asar, ya kai ka filin Idi ko filin ƙwallon firamare. Ya zauna a bayanka, hannunsa kan naka, yana maka tsawa a kunne: “Saki kuloci a hankali! Ƙara totur! Na ce a hankali!” Inji ya mutu, ka sake bugawa, ya sake mutuwa, yaran unguwa na gefe suna shewa. Masu ƙarfin hali ba su ma jira wannan ba, makulli suke ɗaukewa idan baba ya kwanta ƙailula. Kusan kowa ya fito da shaidar kammalawa iri ɗaya: tabon salansa a ƙaurin dama.

Waɗanda suka fara da roba-roba sun huta, don babu kulocin hannu, taka giya kawai ka tafi. Ba banza aka yi shi haka ba. Asalin samfurin Super Cub ne na kamfanin Honda, wanda ya fito a 1958, an kuma tsara shi yadda yaron da ke kai taliya gidaje a Japan zai iya tuƙi da hannu ɗaya. Zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Ina jin babu babur ɗin da ya yaye masu koyo kamarsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Da zarar ka zagaya fili ba ka faɗi ba, an ce ka iya, darasi ya ƙare. Tashi aka koya mana, ba a koya mana tsayawa ba. Abin da kawai aka ce game da birki shi ne, “Kada ka kuskura ka taɓa na gaba, kifar da kai zai yi.” Kuma a filin da muka koya maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin a kan rairayi in ka damƙe na gaba, taya zamewa take yi. Amma a kan kwalta lissafi ya juya. Duk lokacin da ka rage gudu, nauyinka da na babur gaba yake komawa, tayar gaba ta ƙara kama ƙasa, ta baya ta yi sako-sako. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai, ranar da akuya ko yaro ya faɗo masa titi, sai dai ya ja taya yana salati. Ana matsa na gaban ne sannu-sannu, ana ƙarawa, tare da na baya. Wa ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana wannan? Ga cire madubi don gayu, ga shan kwana ido na kan taya maimakon inda za a nufa.

Mutanen farko dai suna da uzuri, don ba su da wanda ya riga su. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan wani keken katako a Jamus, da ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ya kife. Ɗan Daimler, Paul, matashi da bai kai ashirin ba, shi ya fara hawa, kuma labari ya zo cewa sirdin ya kama wuta a hanya saboda zafin inji. Na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, Hildebrand & Wolfmüller na birnin Munich a 1894, ba shi da kuloci sam. Turawa za ka yi da gudu, in ya kama ka daka tsalle ka haye, in ka tsaya inji ya mutu. Iliminsu duka na keke ne. Mu da muka zo bayan shekara ɗari, da wane uzuri?

Zamanin acaɓa ne ya fito da illar a fili. Saurayi ya baro ƙauye, a ba shi babur da sharaɗin biyan balas kullum, ya ɗan juya a bayan gari, gobe sai ga shi da goyon mace da jariri a shataletalen Ɗangi. Ba mugunta ba ce, neman abinci ne, amma duk wanda ya je dubiya asibitin ƙashi na Dala a shekarun nan ya ga sakamakon. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta hular kwano daga 1 ga Janairu 2009, ka tuna har da masu kifa ƙwarya a ka, duniya ta yi ta mana dariya. Da aka hana goyo a Kano a Janairun 2013 kuwa, matsalar tsaro ce ta jawo, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Ba don koyo aka yi ba, kuma har yau a filin Idi yara ke koyo, da irin tsawar nan.

Saboda haka ka ajiye girman kai ka je. Wannan horon da suke kira CBT, wato horon farko na dole ga mai koyon babur, tun 1990 aka fara shi, kuma ba jarrabawa ba ce. Za a fara da kai a fili, a sa ka tsayawar gaggawa, sannan ku fita titi aƙalla awa biyu malami na maka magana ta rediyo. Takardar shekara biyu take aiki, ba za ka wuce babur mai injin 125cc ba, kuma babu goyo, don haka Madam ta ci gaba da hawa bas tukuna. Ka kuma lura, hannun hagu suke bi, mu tun 1972 muka koma dama.

Ina da wata bukata a ciki. Babban ɗana ya matsa min lamba, kullum shi ke wanke babur ba tare da an sa shi ba, ka san ma'anar wannan. In ka gama, ka rubuto min daki-daki yadda suka koyar da birki da shan kwana. In hular kwanonsu ba ta yi tsada ba, ka haɗo min guda biyu da mai zuwa, matsakaiciya da babba, zan ba ƙaninka kuɗin a nan.

Ka gaida iyali da duk 'yan gida da ke wajen. Allah ya tsare hanya, ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Kano