Wasiƙa daga Kano: Mun kai yara ganin namun daji

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Mu nan sai godiya, hunturu ya ja jiki, zafi ya fara leƙowa. Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana nan lafiya ƙalau, ta ce a gaya maka tana marmarin ganin jikokinta.

Bidiyon nan da ka turo na ranar da ka kai iyalinka Longleat, gandun da ake shiga da mota a kalli namun daji, ya hana gidana sakat. Auta ta yi ta maimaita wurin da barewa ta zuro kai ta tagar motarku tana lasar abinci a tafin hannun 'yarka, yayyenta kuwa birran da suka haye motar suna jan robar share gilashi ne suka tafi da hankalinsu. Daga baya na gano cewa tun 1966 aka buɗe wurin, kuma shi ne irinsa na farko a wajen Afirka. Wannan ya tsaya min a rai. Zakin da raƙumin dawan da kuka gani duk na nahiyarmu ne, amma naka yaran sun riga nawa ganin su suna yawo a fili.

Ka tuna yadda mu muka san namun daji? Gardawa ne ke zagayo unguwa da kura da takunkumi a baki, da gwaggon biri cikin sarƙa, mu bi su har ƙafa ta gaji. Sai kuma Gidan Zoo da Sallah, sanye da sababbin kaya. Allah ya jiƙan Audu Bako, ya yi hangen nesa da ya kafa wa Kano wannan wuri a farkon shekarun 1970, domin ba don shi ba da yawancin yaran birni sai dai su ji zaki a tatsuniya. Nawa yaran sun sha zuwa, tunda ga shi nan kusa da mu. Sai dai dabbar da ke bayan ƙarfe daban take da wadda ke kiwo a inda ta ga dama, kuma wannan ta biyun nake so su gani.

Shi ya sa da aka ba da hutun makaranta na ɗebe su duka har da uwargida. Muna idar da sallar Asuba muka kama hanyar Wudil, muka ratsa Birnin Kudu da Ningi, muka isa dajin Sumu da ke kusa da Kafin Madaki a jihar Bauchi. Yawancin dabbobin wurin gwamnatin Namibiya ce ta ba jihar kyauta a 2006: raƙuman dawa, jakunan dawa da manyan dangin barewa iri-iri. Muka shiga da ɗan rakiya, mota na tafiya a hankali, kowa ya zuba ido.

Jakunan dawa muka fara cin karo da su, suka tsaya suka ƙare mana kallo kafin su juya. Can gaba ɗan rakiyar ya ce a kashe mota. Na duba ban ga komai ba sai bishiyoyi, ashe abin da na ɗauka kututture ne ƙafafun raƙumin dawa ne. Wallahi aminina, hoto ba ya nuna tsawon dabbar nan. Tana tsaye tana zaro harshe baƙi-baƙi, mai kusan rabin mita, tana naɗo ganye daga tsakiyar ƙaya ba tare da ta ji ciwo ba. Babban ɗana, wanda ba ya rabuwa da waya, ya riƙe ta a hannu ya kasa ɗagawa. Uwargida sai tasbihi take yi. Gani ya kori ji.

A nan maganar ciyarwa ta taso. Auta ta ƙullo gyaɗa da ƙuliƙuli da biskit tun daga gida, ta ce ita ma sai ta ba su a baki kamar yadda ta gani. Ɗan rakiyar ya hana, ta fashe da kuka. Ya durƙusa ya lallashe ta, ya ce cikin waɗannan dabbobi na ganye da ciyawa ne, abin da ke da sukari ko mai yana ɓata musu ciki, leda kuwa idan suka haɗiye tana iya kashe su, yadda take kashe awaki da shanu a gari. Ya ƙara da cewa dabbar da ta saba karɓa a hannun mutum tana daina jin tsoronsa, kuma wadda ba ta tsoron mutum ita mafarauci ke fara samu.

Sai da muka wuce Yankari na ga gaskiyar maganarsa da idona. Gwaggon biran da ke zagaye masaukin Wikki sun san leda, sun san ƙofar mota, sun san hannun yaro ba shi da ƙarfi. A gabanmu ɗaya ya fizge burodi daga hannun wata mata ya haye rufin ɗaki. Ba a haife su da wannan hali ba, baƙi ne suka koya musu da jefa musu ayaba don a yi dariya a ɗauki hoto. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin ranar da ɗayansu ya ciji yaro, shi za a ɗora wa laifi.

Kada ka ɗauka ina sukar abin da kuka yi. Kamar yadda ka faɗa, a can abincin barewar a wurin ake sayar da shi, an san abin da ke ciki, an ware inda ake bayarwa, wajen zakuna kuwa ba a ko sauke gilashi. Wannan ciyarwa ce mai tsari, kuma ina son irinta ga yara, don yaron da dabba ta ci a hannunsa da wuya ya tashi yana jifan kyanwa. Na karanta wa nawa hadisin da ya zo a Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Na ce musu wani lokaci kyautatawar ita ce ka ba dabba abinci, wani lokaci kuma ka bar ta ta nemi nata. Auta dai ba ta huce ba sai da ta shiga ruwan Wikki, mai ɗumi garai-garai, wanda zafinsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina.

Giwa ba ta fito mana ba, sawunta da kashinta kawai muka gani a gefen kogin Gaji. Amma mun ga ɓauna da gwanki da mugun dawa, kuma hankalina ya kwanta da sanin cewa ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya yana cikin dajin nan mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe tun 1956.

Abin da ke damuna shi ne sai da aka ɗauko raƙumin dawa daga kudancin Afirka kafin 'ya'yana su gan shi. Irin namu na Afirka ta Yamma, wanda kakanninmu suka sani, ya kusa ƙarewa. A wajajen Kure, kusa da Yamai, ragowarsu suka tsira. A 1996 ba su kai 50 ba, amma da hukuma da mutanen ƙauyuka suka tsaya a kansu, yanzu sun haura 600. Idan Nijar ta iya, me zai hana mu? Ga Falgore nan a kudancin jiharmu, daji guda, amma 'yan Kano nawa ne suka taɓa kai iyalinsu?

To, ga buƙatata. Idan Allah ya nufa za ku zo gida, ku daidaita zuwan da hutun yara na watan Afrilu. Akwai zafi, amma lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin ruwa, an fi ganin su. Mota biyu za ta ishe mu, masauki kuma ka bar min. Ka sanar da ni da wuri don in nemi hutu a wurin aiki.

Uwargida na gaida maiɗakinka da kyau, yara na gaida 'yan'uwansu. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini har kullum.